BABI NA UKU: KOKE-KOKEN LEBURORIN HAƘAR KUZA A ƘASAR JOS, 1904–1957

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda aikin lada ya samu gindin zama a Arewacin Nijeriya bayan zuwan Turawan mulkin mallaka. A wannan babi kuwa za a dubi rukuni guda na ma'aikata, wato leburorin da suka yi aikin haƙar kuza a ƙasar Jos da kewayenta, domin a ga irin matsalolin da suka riƙa fuskanta yau da kullum tsakaninsu da iyayen gidansu, musamman dangane da biya da kuma haƙƙinsu a wurin aiki. An zaɓi wannan rukuni ne saboda a zamanin mulkin mallaka babu wata sana'a a Jihar Arewa da ta tara 'yan ƙodago masu yawa a yanki ɗaya kamar haƙar kuza. Bugu da ƙari, kaso mai tsoka na waɗannan mutane Hausawa ne, kuma da harshen Hausa ake gudanar da aiki a barikokin kuza, har a tsakanin waɗanda ba Hausawa ba.

3.1 Yadda Kuza ta Koma Hannun Kamfanoni

Ba Turawa ne suka fara gano kuza a wannan yanki ba. Tun kafin zuwansu akwai masu narka ta a Ririwai ta ƙasar Kano, daga baya kuma a Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi, inda ake zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwanni masu nisa. Irin wannan kuza da ake gani a kasuwa ita ce ta jawo hankalin kamfanin Neja, har ya tura mutanensa neman tushenta a shekarar 1902. A shekarar 1904 wani Bature mai suna H. W. Laws ya kafa sansani a Naraguta, a bakin kogin Dilimi, daga nan ne kuma haƙar kuza irin ta kamfani ta soma. Gwamnatin mulkin mallaka ta riga ta yi doka cewa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa nata ne, ita ce kuma mai ba da izinin haƙa. Ta haka masu tsohuwar sana'ar suka rasa wuraren haƙarsu, su kuma Birom da maƙwabtansu suka soma rasa gonaki.

Da farko a ka ake ɗaukar kuza daga tudun Jos har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa. Sai a shekarar 1914 ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya isa Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layin dogo daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan. Kafin wannan lokaci kamfanoni da yawa sun riga sun cika yankin, manya da ƙanana, kowanne yana neman hannuwan da za su yi masa haƙa.

Abubuwa biyu ne suka fi koro talaka daga ƙauyensu zuwa bariki. Na farko shi ne haraji, wanda Turawa suka ce sai da kuɗinsu za a biya, wato sule da kwabo, ba da wuri ko hatsi ba. Na biyu kuwa yunwa ce, kamar wadda aka yi a 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Ban da waɗannan akwai bayin da suka bar iyayen gijinsu, da samarin da ke neman kuɗin aure, da 'yan cin rani waɗanda kan zo bayan girbi su koma gida da faɗuwar ruwa.

3.2 Helma, Tankifa da Ranar Biya

Duk wanda zai fahimci koke-koken leburan kuza, tilas ya fara da fahimtar matsayin helma. Lebura ba ya yin jinga da Bature kai tsaye, sau da yawa ma Baturen bai san sunansa ba. Helma ne yake tara mutane, galibi 'yan garinsu ko 'yan ƙabilarsu, ya kawo su wurin aiki a matsayin ƙungiya ɗaya, shi ne kuma yake tsaye a kansu tun safe har a tashi. Aikin kansa ba shi da wata dabara mai yawa, amma yana cin jiki. Wasu suna sara ƙasa da diga, wasu suna lodi da shebur, sauran kuma, waɗanda su ne mafiya yawa, suna ɗaukar ƙasa a kwano a ka, su hau da ita daga cikin rami su zubar, su komo. Sai an kwashe ƙasar sama, wadda a wasu wurare takan yi zurfin gaba da yawa, sannan a tarar da yashin da ke ɗauke da kuza, a kai shi wurin wanki.

A wurare da dama ba yawan awoyin da mutum ya yi ake dubawa ba, yawan ƙasar da ƙungiya ta kwashe ake aunawa. To, a nan ne gardama ta farko take. Mai awo ma'aikacin kamfani ne, lissafin kuma a rubuce yake cikin harshen da lebura bai iya ba. Idan aka ce ƙungiya ba ta cika aikinta na mako ba, babu yadda leburan da ya yini da kwano a ka zai tabbatar da cewa an cuce shi, ko da kuwa jikinsa ya gaya masa haka. Haka nan idan ruwan sama ya cika rami, ko gefen rami ya rufta ya mayar da aiki baya, asarar takan faɗa a kan masu haƙa ne. Shi ma tankifa, wato mai rubuta sunayen waɗanda suka fito aiki, yana da nasa ikon, domin alƙalaminsa yana iya mayar da kwana shida su koma biyar.

A ƙarshen mako ake biya. Kuɗin kuma kafin su shiga aljihun mai su sai sun bi ta hannuwa da yawa. Helma yana da nasa rabon da kamfani ya sani, yana kuma da wanda kamfani ya kau da kai a kansa, wato ɗan abin da kowane lebura zai miƙa domin a ci gaba da sa shi cikin ƙungiya. Bayan wannan sai masu bin bashi. Sabon zuwa yakan iso bariki ba ko kwabo, saboda haka tun daga ranar farko da bashi yake cin tuwo, da bashi yake samun wurin kwana. Ranar biya mai tuwo tana nan tsaye, mai ɗaki yana nan, wanda ya ba da rance da ruwa shi ma yana nan. Abin da ya rage, in ya rage, caca tana jiransa da dare. Masanin tarihi Bill Freund, wanda ya wallafa littafi a kan jari da ƙodago a ma'adinan kuza na Nijeriya a shekarar 1981, ya nuna cewa caca da bashi sun taimaka wa kamfanoni ƙwarai wajen riƙe ma'aikata, domin mutumin da ake bi bashi ba ya iya tafiya gida, sai ya sake fitowa aiki ranar Litinin. Ke nan ba daidai ba ne a ɗauki shashancin bariki a matsayin lalacewar tarbiyyar leburori kawai, kamar yadda rahotannin Turawa da wa'azin malamai suka saba ɗauka. Akwai masu cin moriyar abin, kuma sarkin bariki da helma suna cikinsu.

Sai dai kuma bai kamata a mayar da helma dodo ɗungum ba. Shi ne mai kai marar lafiya wurin magani, shi ne mai sanar da dangi in an yi mutuwa, wani lokaci kuma shi ne mai kwashe mutanensa gaba ɗaya ya bar kamfanin da ya rage kuɗi ya koma wani. Lebura yana jin haushinsa, amma ba shi da wata inuwa sai tasa.

Akwai kuma wani rukuni na masu haƙa waɗanda ba a biyansu lada. Su kamfani yakan bar su su yi haƙa da wanki a filinsa, da sharaɗin cewa duk kuzar da suka samu shi kaɗai za su sayar wa, a kan farashin da shi ya yanka. Waɗannan sun fi sauran 'yanci, tun da babu mai tsayawa a kansu, amma kokensu ya fi na kowa tsanani a wurin sikeli. Magatakardan awo yana iya cewa kuza ba ta bushe ba, ko tana da yashi, ya rage nauyi yadda ya ga dama. Idan mutum ya ƙi, ba shi da wata kasuwa, domin mallakar kuza ba tare da izini ba laifi ne a doka. Wannan ne ya sa sayar da kuza a ɓoye ya zama ruwan dare, kamfanoni suna kiran abin sata, masu yi kuwa suna ganin guminsu ne suka karɓa.

3.3 Bambanci a Wurin Aiki

Ma'aikatan kuza hawa-hawa ne. A sama akwai Turawa, manajoji da injiniyoyi, masu gidaje na musamman da hutun zuwa Ingila. A tsakiya akwai akawuna da masu sana'ar hannu, irin su kafintoci da makanikai da direbobi, waɗanda yawancinsu daga Kudancin Nijeriya suka fito, wasu ma daga Gwalkwas da Saliyo, su ne kuma masu albashin wata. A ƙasa sai lebura, mai ɗakin ciyawa, wanda ana iya sallamarsa yau ba tare da an gaya masa jiya ba. Mata da yara na ƙabilun yankin su ma sun yi ɗaukar kwano, a kan ladan da bai kai na maza ba. Zagi da mari daga Bature ko mai gadin aiki ba baƙon abu ba ne, musamman a shekarun farko.

Ta fuskar doka kuwa, Dokar Ubangida da Bara ta 1917, wadda Dokar Ƙodago ta 1929 ta maye gurbinta, sunanta kaɗai ya isa ya nuna yadda hukuma ta ɗauki dangantakar. Ba a yi dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki ba sai a 1941, Ma'aikatar Ƙodago kuma sai a 1942 aka kafa ta. Wato ke nan an yi kusan shekara 40 ana haƙar kuza, rami yana ruftawa da mutane, ba tare da wata doka ta musamman da ta tilasta wa kamfani biyan iyalin mamaci ba.

Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin kuza ya faɗi. A shekarar 1931 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar rage haƙa tare da Malaya da Bolibiya da tsibiran Indiya ta Gabas da ke hannun Holan. Yarjejeniyar ta ceci manyan kamfanoni, amma yawan ma'aikata ya ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma aka zaftare musu lada, alhali haraji yana nan. A cikin wannan yanayi ne manyan kamfanoni suka haɗiye ƙanana, har aka kafa kamfanin ATMN, wanda ya zama mafi girma a yankin. Raguwar yawan kamfanoni ta rage wa lebura ƙarfin makami ɗaya da yake da shi, wato barin wannan ubangida ya koma wancan.

3.4 Ɗiban Gwamna, 1942–1944

Babu wani lokaci da haƙƙin ma'aikacin kuza ya shiga uku kamar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, saboda haka aka juyo kan Nijeriya. Kamfanoni suka ce ba su da isassun ma'aikata. Hanyar da ta fi sauƙin ganewa ita ce a ƙara lada har mutane su zo da ƙafarsu, amma ba a bi ta ba, domin kamfanoni suna tsoron in lada ya hau ba zai sauko ba bayan yaƙi. Maimakon haka sai gwamnatin Gwamna Bourdillon ta yi dokar aikin tilas, duk da cewa Ingila ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta 1930 wadda ta hana tilasta wa mutane yin aiki domin amfanin kamfanoni masu zaman kansu. Hujjar da aka kafa ita ce yaƙi.

Talakawa sun kira wannan abu ɗiban gwamna. Akan yanka wa kowane lardi adadin mutanen da zai kawo, Razdan ya saukar wa En'e, sarki ya saukar wa hakimi, hakimi ya saukar wa dagaci da mai unguwa. A nan ƙasa kuwa kowa ya san wanda ake ɗiba: wanda ba shi da abin ba dagaci, da wanda ba shi da kowa a fada, da wanda ya taɓa saɓa wa mai gari. An kwaso mutane daga larduna irin su Zariya da Bauchi da Binuwai da Sakkwato da Barno, kowane rukuni ya yi wata huɗu kafin a canza shi. An ƙiyasta cewa mutanen da aka ɗiba daga 1942 zuwa 1944 sun kai kimanin 100,000.

Tudun Jos ya haura mita 1,200 daga doron teku, sanyinsa kuma ba irin wanda mutumin Sakkwato ko na kwarin Binuwai ya saba da shi ba ne. An kawo mutane ba bargo isasshe, ba ɗakunan kirki, aka sa su aiki cikin ruwa da laka. Ciwon haƙarƙari da atuni suka yi ta kashe su, wurin gina madatsar ruwa ta Tenti kuma ya yi ƙaurin suna wajen yawan mace-mace. Abinci ma ya zama matsala, domin an tara dubban bakuna a yankin da ba ya noma abin da zai ci da kansa. Sai hukuma ta shiga karɓar hatsi daga larduna a kan farashin da ta yanka, a daidai lokacin da ake fama da yunwar da aka sa wa suna 'Yar Gusau. Ta haka ƙauye ɗaya yakan yi asara biyu, an ɗebe masa majiya ƙarfi da damina, an kuma ɗebe masa hatsi da kaka.

Martanin waɗanda aka ɗiba shi ne gudu. Wasu tun a hanya suke zillewa, wasu bayan mako ɗaya ko biyu, wasu garuruwan kuma da an ji labarin ɗiba sai samari su shige daji. Waɗanda suka tsaya ba su yi aiki da zuciya ɗaya ba. Gaskiya ne kuzar da aka haƙa ta kai matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba, sama da tan 17,000 a 1943, amma ƙarin bai yi daidai da yawan mutanen da aka tara da rayukan da aka rasa ba. Da wannan dalili, da kuma sukar da wasu 'yan majalisar dokokin Ingila suka yi ta yi, aka soke shirin a 1944. Ribar shekarun ta tafi ga masu hannun jari a Landan, abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

3.5 Daga Gudu Zuwa Ƙungiya

Dokar ƙungiyoyin ƙodago ta 1938 ta halatta wa ko da mutum biyar su kafa ƙungiya su yi mata rajista, amma an daɗe kafin amfaninta ya iso ramin kuza. Ma'aikatan gwamnati, musamman na jirgin ƙasa a ƙarƙashin Michael Imoudu, su ne suka fara cin moriyarta. Sun samu kuɗin tsadar rayuwa a 1942, sannan a watan Yuni na 1945 suka shiga yajin aiki na gama-gari wanda ya ɗauki kwana 44 a Ikko, suna neman a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan wannan kuɗi, a kuma mayar da mafi ƙarancin ladan lebura sule biyu da sisi a rana. Yajin na ma'aikatan gwamnati ne galibi, amma tsayawar jirgin ƙasa abu ne da kowa ya gani da idonsa a Jos da Bukuru. Haka kuma harbin da 'yan sanda suka yi wa masu haƙar kwal a Inugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949, inda mutum 21 suka mutu, ya nuna wa masu haƙar ma'adinai ko'ina cewa maganar bashin albashi tana iya kaiwa ga jini.

A ƙasar Jos akawuna da masu sana'ar hannu ne suka fara kafa ƙungiyoyi, daga ciki har da ƙungiyar ma'aikatan ma'adinai ta 1948. Wannan ya zo da tasa matsalar. Shugabannin 'yan Kudu ne masu ilimin boko, bukatunsu kuma su ne ƙarin girma da hutu da fansho, alhali shi lebura damuwarsa ita ce sikeli da alƙalamin tankifa da farashin mudun dawa. Har ila yau, akawun da ke kiran lebura taron ƙungiya da yamma, wataƙila shi ne ya rage masa kwana da safe. Kamfanoni sun gane wannan ɓaraka, 'yan siyasa ma sun gane ta. A 1954 aka kafa wata ƙungiya dabam ta ma'aikatan ma'adinai 'yan Arewa, mai samun goyon bayan jam'iyyar NPC, helmomi da 'yan kwangila kuma suna da ƙarfi a cikinta. Wato mutanen da lebura yake kuka da su a wurin aiki, su ne suka zama masu magana da yawunsa a gaban manaja.

Duk da haka maganar kuɗi ta fi ƙarfin rabuwar. Farkon shekarun 1950 lokaci ne na ciniki ga kamfanoni, saboda yaƙin Koriya ya ɗaga farashin kuza, Amurka kuma tana sayen kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza wanda a da zubar da shi ake yi, da tsada ƙwarai. Ma'aikata suna ganin sababbin injuna da motoci, ladansu kuwa bai bi tsadar abinci ba. A shekarar 1955 ƙungiyoyin suka haɗa kai a kan batun lada, dubban ma'aikata suka ajiye diga da kwano, har aka samu ƙari. Kamfanoni kuma suka mayar da martani ta hanyar ƙara dogara ga injunan kwasar ƙasa da kuma miƙa aiki ga 'yan kwangila, waɗanda leburorinsu ba sa cikin littafin kamfani, saboda haka yarjejeniyar da aka yi da ƙungiya ba lalle ta shafe su ba.

A watan Disamba na 1957 ƙasashe masu kuza suka sake ƙayyade yawan abin da kowace za ta fitar, saboda farashi ya sake faɗuwa. Kamfanonin Jos suka rage aiki, aka sallami dubban mutane, waɗanda aka fara sallama kuma su ne 'yan kwano masu ladan mako, waɗanda ba su da takardar ɗauka balle ta sallama.